Rajistar sa ido kan masu yawan aikata laifi a Indiya

A Indiya, ofisoshin 'yan sanda kan ajiye rajista ta musamman mai ɗauke da sunayen waɗanda ake ganin sun mayar da laifi sana'a, tsarin da aka gada tun zamanin mulkin Ingila. Dokokin 'Yan Sandan Punjab na 1934 sun halatta rubuta sunan wanda kotu ta samu da wasu laifuffuka sau biyu ko fiye. Sun kuma halatta rubuta wanda ake da dalili mai ƙarfi na zargin ya saba aikata laifi ko karɓar kayan sata, ko da ba a taɓa hukunta shi ba. Wannan sharaɗi na biyu ne ya fi jawo gardama.

A 1962, a shari'ar Kharak Singh, Kotun Ƙoli ta haramta wa 'yan sanda zuwa gidan irin wannan mutum cikin dare don bincikarsa. A shari'ar Malak Singh ta 1980 kuwa, kotun ta ce ba dole ba ne a ji ta bakin mutum kafin a rubuta sunansa, amma tilas babban jami'in gunduma ya kasance da hujjar da zai iya nuna wa kotu, kuma a sa ido a asirce, ba tare da tozarta mutumin ba.