Harsashin Nagant: yadda ake raya bindigar da ta girmi Tarayyar Sobiyat

A shekarar 1895 daular Rasha ta zaɓi wata libarba mai cin harsashi 7 a matsayin ƙaramar bindigar sojojinta. Léon Nagant, maƙerin makamai a birnin Liège na ƙasar Beljiyam, shi ya tsara ta, daga baya aka mayar da ƙirarta birnin Tula. An ci gaba da ƙera ta har 1945, duk da cewa tun a shekarun 1930 aka fito da bindigar Tokarev domin ta gaje ta. Tana cikin makaman da aka kashe Sarki Nicholas na Biyu da iyalansa da su a Yekaterinburg a watan Yulin 1918, kuma 'yan sandan ciki na zamanin Stalin sun riƙe ta a matsayin kayan aiki.

Abin da ya bambanta ta da sauran libarba shi ne harsashinta, mai lamba 7.62×38R. A yawancin harsasai, ƙwayar tana leƙowa daga bakin kwanso. A na Nagant kuwa an nutsar da ita can ciki, bakin kwanson ya zarce ta, har wanda bai sani ba zai ɗauka fanko ne. Dalili shi ne kowace libarba tana da 'yar tazara tsakanin gangar da ke juya harsasai da bututun bindiga, kuma ta nan wani kaso na iskar albarushi ke zurarewa. Idan aka ɗana Nagant, gangar na matsawa gaba, bakin kwanson ya shige gindin bututu ya toshe kafar. Dabarar ta ƙara wa harbi ɗan ƙarfi, amma ta sa kunamar bindigar ta yi tauri ƙwarai, kuma babu wata babbar rundunar da ta ga dacewar kwaikwayonta.

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, an kwashe ɗimbin waɗannan bindigogi daga rumbunan ajiya zuwa Amurka, inda a wasu shekarun ake sayar da guda a kan abin da bai kai dala 100 ba. Bindigar ta yi araha, harsashin ne ya yi wuya. Kamfanoni ƙalilan ke yin sabo, irin su Fiocchi na Italiya da Prvi Partizan na Sabiya. Siyasa ma ta sa hannu: a watan Agustan 2021 gwamnatin Joe Biden ta sanar da dakatar da ba da sabon izinin shigo da harsasan Rasha, cikin takunkumin da ya biyo bayan sa wa ɗan adawa Alexei Navalny guba.

Wannan ƙaranci ne ya tura masu tara tsofaffin makamai ga sake cika kwanso. Dokar tarayyar Amurka ta yarda mutum ya cika harsashi don amfanin kansa, sai dai wanda zai mayar da shi sana'a dole ya nemi lasisi. Kwanson tagulla shi ne ɓangare mafi tsada, kuma shi kaɗai ke saura bayan harbi, don haka ake tsince shi a sa masa sabon ƙyastu a gindi, da albarushi, da sabuwar ƙwaya.

A wajen Nagant aikin ba ya tafiya salin alin. Tsofaffin kwansunan Sobiyat suna da ƙyastu samfurin Berdan, mai wuyar cirewa, wanda kuma ke barin gishirin da ke sa bututu tsatsa. Sababbin sun fi sauƙi, amma bakinsu da ake matsewa a kowane cikawa, ya kuma buɗe a kowane harbi, kan gaji ya tsage bayan 'yan zagaye. Wasu kan ari kwanson .32-20 Winchester, harsashin da ya fito tun 1882. Ya fi gajarta, saboda haka ba ya toshe kafar nan, wato an yi asarar abin da ya sa bindigar ta yi suna tun farko. Kuskure wajen awon albarushi kuwa kan fasa tsohon ƙarfe a hannun mai shi.

Ita ƙwayar, da yawa da kansu suke zuba ta. Dalma na narkewa a zafin digiri 327 na ma'aunin Selsiyos. Akan gauraya ta da kuza don ta cika mazubi sosai, da antimoni don ta yi tauri. Shekaru da dama masu zubi sun dogara da 'yan ƙarafan dalma da ake maƙala wa tayoyin mota don daidaita su, har jihohi irin su Kalifoniya suka haramta su, aka koma na zinki da baƙin ƙarfe. Ba a banza aka haramta ba. Ƙurar dalma tana bin tufafi da hannaye ta shiga gida, ta taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara ba tare da wata alama da farko ba, irin gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Shi ya sa masu zubin da suka san abin da suke yi ke aiki a waje, su ware tufafin aiki, su kuma riƙa gwada yawan dalmar da ke cikin jininsu a asibiti.