Zangon Kumasi da Abin da Samarinmu Suka Koya a Cikinsa

Ya kamata mu tuna da hanyoyin da Allah ya shirya wa Bishara tun ba a haife mu ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce hanyar goro, wadda ta kai harshenmu har Kumasi, babban birnin Tonawa, watau Ashanti, a ƙasar Ghana da dā ake kira Gwalkwas.

Kakanninmu suna kiran wannan tafiya fataucin Gwanja. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu. Su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su bi ta Yandi, sai bayan watanni su sauka Salaga. A can Tonawa suke kawo goro daga kurmi. A wannan kasuwa kuma aka sayar da bayi masu yawa, abin baƙin ciki ne da ba za mu ɓoye ba. Wurin da ayari ya sauka shi ne zango, da bakin mutanen Ghana kuwa ya zama Zongo.

A zamanin nan sarakunan Ashanti ba su cika barin fatake su shiga kurmi ba. Amma a 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Ashanti bisa Salaga ya karye. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, fatake suka bazu. A 1896 aka kama Sarki Prempeh na Ɗaya, a 1900 aka yi yaƙin Yaa Asantewaa, a 1903 jirgin ƙasa ya iso Kumasi. Daga nan baƙi suka yi ta kwararowa: Hausawa, da Mosawa, da Dagwambawa, da Wangarawa, da Yarabawa, da Farafara masu neman ƙodago a gonakin koko. Kowa da harshensa, amma Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da unguwa. A 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙin da ba su da takardu, gidaje da yawa suka tashi, duk da haka Zongo bai mutu ba. Har yau ana jin Hausa a Aboabo da Asawase da Sabon Zongo.

Bishara kuwa ta wata ƙofa ta shigo, daga bakin teku. Thomas Birch Freeman na Methodist ya iso Kumasi a 1839. Ramseyer na mishan ɗin Basel ya shigo a matsayin kamamme, shi da matarsa, aka riƙe su daga 1869 har 1874. Da ya sami 'yanci bai riƙe Tonawa a zuciya ba, a 1896 ya komo ya kafa aiki a garin da aka tsare shi. Ekklesiyoyin nan suka yi girma cikin harshen Twi. Mazauna Zongo fa, yawancinsu Musulmi ne, ba da Twi suke tunani ba. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, amma masu karanta shi a can kaɗan ne. Dalili ke nan da ekklesiyarmu ta aiki samarinta, maza da mata, su yi hidima tare da 'yan'uwa na can lokacin hutun makaranta.

Aikin da muka yi ba mai girma ba ne. Muka yashe lambatu, muka shafe ɗakunan makaranta, da yamma muka koya wa yara karatu. Babban darasi kuwa wajen akushi aka same shi.

Kafin mu tashi mun karanta wa samari Luka sura 10, inda Ubangiji ya umarci almajiran da ya aika su ci abin da aka ajiye a gabansu. A Zongo wannan bai yi wuya ba. Da safe ga koko mai yaji da citta, wanda dukan Ghana ke kira Hausa koko, ga ƙosai. Ga waakye, shinkafa da wake ne da aka dafa da karan dafi har suka yi ja, sunan ma daga kalmarmu ta wake ya fito. Ga tuwon zafi da miyar ayoyo, da dare ga tsire, su suna ce masa cicinga. Samari suka yi mamaki da suka ga girkin iyayensu ya riga su zuwa da shekaru masu yawa. Hausar ma ta ba su dariya da fari, gama a can sukan ce "ya zo" ko da mace ce. Muka gargaɗe su kada su gyara wa kowa magana, domin baƙo ba ya koya wa mai gida hanyar ɗakinsa.

Gwaji ya zo a gidajen 'yan'uwa Tonawa. Can baƙo yakan bi mazauna da musafaha daga dama zuwa hagu, a ba shi ruwa, sa'an nan a tambaye shi abin da ke tafe da shi, ko da an riga an sani. Bayan haka a kawo fufu, rogo da ayaba da aka kirɓa a turmi, cikin miyar kwakwar manja. Ba a tauna shi, haɗiyewa ake yi. Waɗansu daga cikin yaranmu suka yi turus. Amma suka tuna matar gida tun hantsi take aiki dominsu, suka wanke hannu suka ci. Daga ranar aka daina kiransu baƙi. Aka ba kowa sunan ranar haihuwarsa, Ɗanjuma ya zama Kofi, Ɗanladi ya zama Kwasi.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. A cikinmu akwai waɗanda danginsu suka ware musu ƙwarya saboda sun bi Almasihu, ranar da maƙwabta Musulmi suka aiko da tuwo sai tsohon miki ya motsa. Muka duba Ayyukan Manzanni sura 10, yadda Allah ya koya wa Bitrus kada ya ƙyamaci gidan Karniliyus. Muka karɓa da godiya, washegari muka mayar da kwanon da abinci a ciki, muka kai wa dattawan unguwa goro. Ba mu ɓoye bangaskiyarmu ba, su ma ba su ɓoye tasu ba. Amma wanda ka ci tuwonsa yakan saurare ka, waɗansu har suka nemi Bisharar Luka da Hausa.

Saboda haka, 'yan'uwa, muna roƙonku abu uku. Ku yi addu'a domin mazauna Zongo. Ku koya wa 'ya'yanku karatun Hausa sosai, gama harshen nan yana buɗe ƙofa daga Kano har Kumasi. Ku kuma karɓi baƙon da ya sauka a garinku kamar yadda aka karɓi namu. Ubangijin girbi shi aiko da ma'aikata. Amin.