Biɗa Da Kunyar Dawowa Gida Hannu Rabbana



Kaka ta wuce, an ɗaure hatsi an zuba a rumbu, kuma duk wanda ya tashi a Bambeye ya san abin da ke biyo baya. Samari za su fara haɗa jaka, a sayar da akuya ko a ci bashin kuɗin mota, a nufi tashar Tawa. Kafin sanyi ya kama sosai, wani garin in ka shiga ba za ka tarar da kowa ba sai tsofaffi da mata da yara. 'Yan boko suna kiran abin ekzod, mu kuwa cewa muke yi wane ya tahi biɗa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani ɗan uwanmu da yau shekararsa shida a Libiya. Ba a tsare yake ba, ba ciwo yake yi ba, kusan kowane mako muna jin muryarsa a WhatsApp. Ranar da mahaifiyarsa ta matsa masa a kan ya zo ko da na wata ɗaya ne, sai ya ce mata: "Inna, in taho da mi? In shigo gari hannu rabbana, waɗanda munka tashi tare su yi mini dariya?" Matar da ya bari da ciki, yau yaron ya isa shiga makaranta, bai taɓa ganin ubansa ba sai a hoton waya. Tun ranar nake tambayar kaina, wannan kunya daga ina muka gaje ta? Da na bi tarihin biɗa a ƙasar Adar, sai na ga ba mu da dalilin jin ta.

Tafiya ba baƙuwar Ba'adare ba ce. Tun kafin zuwan Nasara fatake ke ratsa ƙasarmu tsakanin Agadas da Sakkwato, wasu har Gwanja neman goro. Ƙasar dutse ce, damina gajeriya, shekara ɗaya ta yi kyau, ta biyu ta ƙi. Amma biɗa irin wadda muka sani, ta neman tsabar kuɗi, ta kankama ne bayan Faransawa sun kafa mulkinsu a Tawa a farkon shekarun 1900. Sun ɗora wa kowane kai haraji, kuma da kuɗi ake biya, alhali manomi hatsi gare shi. Ga aikin tilas na gina hanyoyi da ɗaukar kaya. Ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da ta watsa garuruwa. Sai mutane suka riƙa gangarawa kudu zuwa ƙasar Ingilishi, inda jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, ma'adinan kuza na Jos suna neman ma'aikata. Masu ƙarfin zuciya suka wuce har Kumasi da Akara, inda kuɗin koko ke yawo. Ga waɗanda iyayensu suka yi zaman bauta kuwa, tafiyar nan ita ce hanyar da suka fara riƙe abin kansu ba tare da wani ya ce nasa ne ba. Da aka soke aikin tilas a 1946, ƙafa ta ƙara sakuwa.

A wancan zamani cin rani ne na gaskiya. Mutum zai tashi bayan girbi, ya yi dako ko ga-ruwa ko tallan kaya, da ya ga hadari ya fara haɗuwa sai ya kamo hanya don kada shuka ta wuce shi. Abin da ake jira daga gare shi kuɗin haraji ne, da turmin atamfa na uwargida, da ɗan goro na dattawa. In Allah Ya buɗa, a ga rediyo ko keke.

To amma ga abin da tsofaffi ba su cika tsayawa a kansa ba in suna ba mu labari: duk ƙofar da 'yan Adar suka shiga, akwai ranar da aka rufe ta a fuskarsu.

A watan Nuwamba na 1969, gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Kakana yana cikin waɗanda abin ya rutsa da su a Kumasi. Ya sha faɗa mana cewa da bargo da buta ya iso gida, teburinsa da bashin da yake bin mutane duk can ya baro su. A Janairun 1983 Najeriya, ƙarƙashin Shehu Shagari, ta yi irin wannan kora. A 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki ta kuma canza takardun naira, daidai shekarar da damina ta ƙi, shi ya sa har yau tsofaffinmu ke kiran waccan yunwa El Buhari. Wanda ya ɓoye tsofaffin naira a gida, suka zame masa takarda.

Daga nan hankali ya ƙara komawa Kodebuwa. 'Yan Nijar sun yi suna a Abijan, a kasuwar Ajame da Tireshibil, har abincin nan na garin rogo da kifi da ake kira garba, daga sunan mutanenmu masu sayar da shi ya samo suna. Amma can ma a farkon shekarun 1990 aka ƙaƙaba wa baƙi katin zama, sannan a ranar 19 ga Satumba 2002 yaƙi ya ɓarke, ƙasar ta rabu biyu, Buwake da ke kan hanyar gida ta faɗa hannun 'yan tawaye. Mahaifina a waccan shekara ya dawo ba da komai ba, sai da ya shekara biyu kafin ya sake tada jari. A 2011 Libiya ta kama da wuta, Gaddafi ya faɗi, manyan motoci suka riƙa sauke mutanenmu a Dirku da Agadas, da yawa daga su sai rigar da ke wuyansu. Aljeriya kuwa shekara da shekaru tana kwaso mutane tana zubarwa a bakin iyaka, su taka kusan kilomita 15 cikin rairayi kafin su iso Assamaka. Na baya-bayan nan duk mun gani da idonmu: bayan 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakokin Najeriya da Benin, hanyar teku ta zama sai da dabara.

Jama'a, ku ƙirga da kyau. Daga 1969 zuwa yau, babu wani zamani na gidajenmu da bai ga maza sun dawo hannu rabbana ba. Kaka ya gani, uba ya gani, wa ya gani. Kuma a cikinsu babu wanda lalaci ya koro. Wani shugaba ne ya sa hannu a takarda, ko bindiga ta yi ƙara a garin da ba namu ba. Abin lura shi ne, a da in mutum ya dawo haka, gari karɓarsa yake yi. A dama masa hura, a ce barka da arziki tunda ka dawo da ranka, a ba shi iri ya shuka.

To mi ya canza? Ma'aunin ne ya canza. Yau ba atamfa da goro ake jira ba. Babur ake jira, da babbar waya, da ɗakin siminti, da akwatunan aure da kullum ƙara yawa suke yi. Kuma a da ba ka sanin abin da wani ya samu sai ya dawo, yanzu kuwa kowace safiya ga hotonsa a Facebook, ya jingina da motar da wataƙila wanke ta yake yi. Wanda ke kwana su goma a ɗaki ɗaya ba zai ɗauki hoton ɗakin ba. Haka muke ruɗin junanmu, na gida ya ga kamar kowa ya samu sai shi, na waje ya ga in ya dawo da kaɗan ya zama abin nuni. Cin rani na wata biyar ya koma zaman shekara biyar. Mu samari muna da laifi, amma mu faɗi gaskiya, iyaye ma suna da nasu. Uwar da ke ce wa ɗanta "dubi ɗan wance abin da ya aiko" ta ƙara masa shekara a waje ba ta sani ba.

Wadda ke biyan wannan bashi kuwa ita ce matar da aka bari. Ita ce noma, ita ce rijiya, ita ce asibiti in yaro ya kwana da zazzaɓi, kuma in ta yi ƙorafi a ce ba ta da haƙuri. Kuɗin da ake turowa ta Nita ko Al Izza yana sayen hatsi, wannan gaskiya ne, gidaje da yawa da shi suke kai wa kaka. Amma ba ya zama uba. Mu tuna lokacin da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da haƙa ramuka da dasa itatuwa, don maza suna biɗa. Itatuwan da ake shan inuwarsu yau a can, guminsu ne.

Ni ba zan ce kowa ya zauna gida ba, don na san abin da gonarmu ke bayarwa, kuma ni ma na taɓa ɗaukar jaka. Albasar Galmi da ta Tamaske da ake lodi zuwa Abijan da Akara ta nuna ana iya samu a nan, amma ba kowa ke da fadama ba. Roƙona ƙarami ne. Wanda zai tafi ya yanke wa kansa ranar dawowa kamar yadda kakanni suke yi, samu ko rashi. Wanda ya samu ya sa wani abu a rijiya ko dabba ko karatun yaro, don ƙofar da yake ciki ita ma tana da ranarta. Mu kuma na gida, in ɗanmu ya sauka daga mota, tambayar farko ta zama "ka iso lahiya?", a bar "mi ka kawo muna?"

Ɗan uwan nan namu na tura masa labarin kakanmu da bargonsa da butarsa. Ya saurara, ya yi shiru, daga baya ya ce zai duba kafin damina. Inna dai ta riga ta ware masa iri.

Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya dawo mana da su lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.