Remon Puwankare da tammar Faransa

Ƴan uwa masu koyon karatu, yau za mu duba tarihin wani mutum wanda ya taɓa kuɗin da kakanninmu suka biya lanho da su. Sunansa Remon Puwankare. An haife shi a 1860 a garin Bar-le-Duk, gabashin Faransa. Yana ɗan shekara 10 sojojin Jamus suka shigo garinsu. Bai taɓa manta wannan ba.

Shi ne shugaban ƙasar Faransa daga 1913 zuwa 1920, watau duk tsawon yaƙin duniya na farko. Da ya sauka, bai zauna gida ba. A 1922 ya zama shugaban gwamnati. Jamus ta yi jinkirin biyan diyyar yaƙi, sai ya tura soja yankin Rur a watan Janairun 1923, tare da na Beljik, su ɗebo gawayi. Ma'aikatan Jamus suka ƙi aiki. Ingila ba ta goyi bayansa ba. A zaɓen 1924 ɓangarensa ya faɗi.

To, ku saurara da kyau. Faransa ta ci bashi mai yawa don yaƙi. Masu dukiya suka tsorata, suka riƙa fitar da kuɗinsu waje. Kafin yaƙi, fam ɗaya na Ingila tamma 25 ne. A watan Yulin 1926 ya kai wajen tamma 240. Sai aka sake kiran Puwankare. Ya kafa gwamnatin haɗin kai, da tsofaffin shugabannin gwamnati biyar a cikinta. Ya ƙara haraji, ya rage kashe kuɗi, ya buɗe asusun biyan bashi. Mutane sun san shi da tsantseni, hankalinsu ya kwanta. Kafin ƙarshen shekara, fam ya sauko wajen tamma 125.

Wasu suka ce a maida tamma darajarta ta dā. Shi ma ransa ya so haka. Amma da an yi, kayan Faransa sun yi tsada a waje, bashin gwamnati ya ƙara nauyi. A ranar 25 ga Yunin 1928 aka yi doka: tamma ta tsaya a kashi ɗaya cikin biyar na zinariyarta ta dā.

Ku yi lissafi. Tamma 5 dala ke nan. Dalar 1928 daidai take da tamma guda ta 1914. Wanda ya ranta wa gwamnati ajiyarsa lokacin yaƙi, an biya shi da kuɗi marasa nauyi. A ganina, waɗannan talakawa su suka ɗauki kayan, shi ya samu yabo.

Lokacin nan ba a yi sefa ba, sai 1945. Kuɗin da ke yawo a kasuwannin Damagaram da Maraɗi ɗaure suke da wannan tammar.

Rashin lafiya ya sa Puwankare ya yi murabus a Yulin 1929. Ya rasu a Paris a 1934.