Ta Ƙofar Asibitin Kutare Bishara Ta Shiga Karkarar Kano

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, in an ambaci Kura da Bunkure da Kadawa, shinkafa da alkama da tumatir ake tunawa. Amma kudu da waɗannan gonakin rani, wajen Rano da Sumaila da Tudun Wada, akwai ƙauyukan da asalin mutanensu Maguzawa ne, inda ran Lahadi ake karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa. Jama'a da yawa na ɗauka cewa ƙarfin Turawan mulki ne ya dasa waɗannan majami'u. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Ta hanyar ciwo da jinya bangaskiyar nan ta samu gindin zama, shi ya sa har yau wa'azinta ya fi karkata ga alheri da jimiri.

Da Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka iso Kano a 1900, Sarki Alu sallamar su ya yi. Bayan cin Kano a 1903 kuwa, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba, gwamnatin Turawa ta kuma tsare 'yan mishan daga ƙasar sarakuna kusan shekara talatin. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, amma littafi sai da mai karatu. Ƙofar ta buɗe sosai a 1937, lokacin da En'e ta damƙa wa mishan ɗin SIM kula da kutare: Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, a Kano kuma sansanin da ya fara a Sumaila kafin ya koma Yadakunya, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A can mutumin da danginsa suka ware wa ƙwarya ya samu mai wanke masa gyambo, ya kuma koyi boko. Abin da ya fara karantawa ya haɗa da labarin Ayuba, da na kuturun da Yesu ya taɓa da hannunsa, da na Bulus wanda ya roƙi a cire masa ƙaya aka bar shi da ita. Ga wanda yatsunsa ke gutsurewa, wannan ba tatsuniya ba ce. Waɗansu da aka sallama sun koma karkara suna aikin ba da magani da koyar da karatu.

Masu suka na cewa an ci da raunin marasa lafiya ne, aka sayi imaninsu da magani. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin mai allura ya fi mai jinya iko, kuma raba jarirai da iyayensu kutare ya bar tabon da bai kamata a yi shiru a kansa ba. Sai dai akasarin majinyatan Musulmi ne, kuma da Musuluncinsu suka koma gida. Maganin farko ma, allurar wani man itace mai zafin gaske, bai cika warkarwa ba. Ƙwayar dafson mai aiki sai wajen 1950 ta yaɗu. Wanda ya ba da gaskiya kafin nan, ba sauƙin jiki aka biya shi da shi ba. Hujjar da ta fi nauyi ita ce abin da ya biyo baya: an kafa ikilisiyar ECWA a 1954, gwamnati ta karɓe asibitoci da makarantun mishan a shekarun 1970, Turawa suka ragu, amma a daidai wannan lokaci ne Maguzawa suka fi shiga ikilisiya, a hannun masu bishara baƙar fata.

Dattawan da suka ga wancan zamani suna ƙarewa. Ya kamata fastoci da ɗaliban makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa su bi ƙauyukan kudancin Kano, su ɗauki bayanin tsofaffin daga bakinsu, su rubuta shi da Hausa.