Daga zauren madugu zuwa gidauniya: yadda Kano ke auna attajiranta

Mutumin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma a shekarun 1940 da sunan mai renonsa duniya ta san shi. An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, ɗan wani madugu mai suna Abdullahi, daga zuriyar Agalawa. Uban ya rasu yaron bai kai shekara goma ba, uwar kuma ta tafi Accra ta bar shi a hannun wata tsohuwa da ake kira Tata. Daga nan aka riƙa cewa Ɗan Tata, har sunan ya bi shi kasuwa, ya bi 'ya'yansa da jikokinsa, yau yana rubuce a jikin manyan motoci da gine-ginen asibiti.

Wannan suna ya dace da al'adar da mai shi ya taso a cikinta. A tsohuwar Kano, idan aka zo lissafin attajiri, abin da ake fara ƙirgawa shi ne mutanen da ya rena: yara nawa suka ci tuwon gidansa, nawa ya aurar, nawa ya ba jari har suka tsaya da ƙafafunsu. Wuri da azurfa suna ɗaki, ba mai ganinsu. Jama'a kuwa tana ƙofar gida kullum safiya, kowa na iya ƙirga ta.

Tushen abin yana cikin fataucin goro. A ƙarni na 19 gidaje uku ne suka riƙe hanyar Gwanja, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari kan tashi bayan an ɗauke ruwa, jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa da baƙin rini da fata da kayan saƙa, a haye Kwara, a ratsa Bargu, a bi ta Yandi har kasuwar Salaga. Zuwa da dawowa kan cinye watanni, wani lokaci shekara guda. Jagaba na gaba yana duba hanya, uban dawaki na kula da biyan fito da gaisuwar sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, madugu kuma shi ne uban tafiya. Idan jakin wani ya mutu a zango, madugu ake kallo. Idan ɗan fatake ya kwanta ciwo, ko 'yan fashi suka tare hanya, ko sarkin wani gari ya tsawwala kuɗin wucewa, shi ne mai magana, sau da yawa kuma shi ne mai biya. Babu takardar yarjejeniya tsakaninsa da waɗanda suka bi shi. Madugun da ya bar mutanensa a daji, baɗi ba zai sami mai bin sa ba, kuma labarin zai riga shi isa Kasuwar Kurmi.

Saboda haka kyauta a wurin waɗannan mutane tana cikin sana'ar kanta. Fatoma da ke saukar da baƙi kyauta a gidansa, ya ciyar da su, ya ɗaure musu dabbobi, ya san la'adar cinikinsu za ta biyo ta hannunsa. Attajirin da ya ba yaron gidansa huhun goro bashi ya san yana shuka wakili ne a wani gari. Ga kuma addini da ya ɗora zakka bisa duk wanda dukiyarsa ta kai nisabi, ya kwaɗaitar da sadaka da ciyar da almajirai da haƙa rijiya. Neman lada da neman riba sun haɗu a zaure guda, mutanen wancan zamani kuwa ba su ga wani saɓani a tsakani ba.

Dole a faɗi wani ɓangare da masu kirari kan tsallake. Da yawa daga cikin hannuwan da suka ɗauki kayan ayari, suka nome gandayen attajirai, hannuwan bayi ne. Kundila, wanda sunansa ya zama abin misalin dukiya a Kano har aka raɗa wa rukunin gidaje, da yawan bayinsa ake ba da labarin arzikinsa. Jama'ar da ake auna mai arziki da ita ba duka ce ta zo ƙofarsa da son ranta ba.

Alhassan ya shigo sana'ar tana gab da sauya kama. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya karya kasuwar, Kano ma ta faɗa nata basasar daga 1893, sannan Turawa suka ci birnin a 1903. Shi sai ya lura da abin da tsofaffin madugai ba su waiwaya ba: goron da jaki zai yi wata uku yana ɗauke da shi, jirgin ruwa zai kawo shi Legas daga gaɓar Accra cikin 'yan kwanaki. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai hanyar ta haɗu. Ya dawo ya kafa gida a unguwar Sarari.

Jirgin ƙasan da ya kawo goro shi ya koma da gyaɗa. Kamfanonin Turawa suna son gyaɗa don matse mai a Ingila, amma ba su san ƙauye ba, ba su jin harshen manomi, manomi kuma bai yarda da sikelinsu ba. Sai suka nemi fataken goro irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo su tsaya a tsakani. A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Alhassan, kuma cikin 'yan shekaru ya zarce sauran. Dabararsa ita ce ta madugu, sai dai an faɗaɗa ta. Yakan raba wa yaransa kuɗi tun kafin kaka, su bazu ƙauyuka su ba manoma, kowa ya san wanda zai kai wa amfaninsa idan an cire. Yaron da ya riƙe amana bana, baɗi a ƙara masa jari. Wanda ya gamu da asara ba da gangan ba, a sake ɗaga shi. Ta wannan hanya gidaje masu yawa a Kano da ake kira masu kuɗi a yau suka fara, daga buhun wani da amanar wani.

A 1929 bankin Turawa na Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano. Labarin da har yanzu ake bayarwa shi ne Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Masu magana suka ce mai arziki ko a Kwara ya sai da ruwa. Buhunan gyaɗar da ke jiran jirgi kuwa aka riƙa jera su sama-sama, dala guda ta kai buhu 15,000, har dalar gyaɗa ta zama tambarin Arewa a hotuna da takardun gwamnati.

Karramawar da ya samu ta zo ne ta ƙofar fada. A tsarin da aka gada, ɗan kasuwa talaka ne komai kuɗinsa, mulki na masu sarauta ne, shi nasa gaisuwa da biyayya. Amma a 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka ba Alhassan kujera a majalisar Sarki, ɗan fatake yana zaune ana shawara da shi kan al'amuran ƙasa. Ga wanda ya san Kano ta lokacin, wannan ya fi kowace lambar yabo nauyi. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari, bayan ya yi wa 'ya'yansa wasiyya kada su wargaza harkar su raba.

'Ya'yan sun riƙe, kowa da fuskar da ya sa gaba. Sanusi ya ci gaba da gyaɗa da sufuri, ya kuma yi suna wajen hidimar malamai da ɗariƙar Ƙadiriyya. Mamuda ya shiga jigilar alhazai. Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya kai gidan ga gine-gine da masana'antu da mai, ya kuma yi kwamishina a gwamnatin Audu Baƙo bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Gyaɗar kanta ba ta daɗe ba: farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta faɗa wa gonaki a 1975, da kuɗin fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, suka rushe dalar. Gidajen da suka tsira su ne waɗanda suka riga suka zuba jari a wasu wurare.

A wannan zango ne salon kyauta da salon yabo suka canza tare. Ƙasa ta samu 'yanci, dokar lambobin girma ta 1964 ta fito da haruffan da ake liƙawa bayan suna, jami'o'i suka fara ba da digirin girmamawa. Makaɗi da maroƙi da a da su ne ke yayata alherin mutum sai suka sami abokan aiki, wato jarida da rediyo da allon da ake kafewa a bangon gini. Aminu Dantata ya gina cibiyar wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya sa mata sunan mahaifinsa, ya kuma zama uban Jami'ar Al-Qalam ta Katsina. Halifa Isyaku Rabi'u, wanda ya haɗa haddar Alƙur'ani da kasuwanci, ya zuba dukiya a masallatai da makarantun mahaddata har rasuwarsa a 2018. Ɗansa Abdussamad, mai kamfanin BUA, ya kafa gidauniyar ASR Africa a 2021 da alƙawarin dala miliyan 100 kowace shekara.

Wanda ya kai abin ƙololuwa jikan Sanusi ne ta wajen 'yarsa Mariya. Aliko Dangote, haihuwar 1957, ya fara ne a 1977 da jarin da kawunsa ya ranta masa, wato daidai yadda yaran Sarari suka fara shekara 60 kafin shi. Ya kafa gidauniyarsa a 1994, a 2014 ya ware mata dala biliyan 1.25. A 2011 aka ba shi GCON, lambar da aka saba ajiye wa mataimakan shugaban ƙasa da manyan masu riƙe da muƙami. Gidauniyar ta haɗa hannu da ta Bill Gates da gwamnatocin jihohin Arewa wajen rigakafin shan inna, kuma a Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji.

Wannan aiki ne da zaure ba zai iya ba. Babu madugun da tuwon ƙofar gidansa zai kai allurar rigakafi ga miliyoyin yara, ko ya sayi injin wankin ƙoda ya ɗauki ma'aikatan da za su kula da shi. Duk da haka akwai abin da gidauniya ba ta gada ba, kuma rashinsa yana ciwo. Attajirin zamanin da can yakan san yaronsa da suna, ya san ubansa, ya ba shi kaya ba tare da jingina ba don ya ga idonsa. Gidauniya fom take rabawa, ta ba da buhun shinkafa da azumi, mai karɓa ya gode ya dawo baɗi a layi ɗaya. Ciyarwa alheri ce babba, musamman a shekarun tsadar nan, amma tsohuwar Kano ta fi girmama wanda ya mayar da mai karɓa mai bayarwa. Wannan ma'auni bai mutu ba a Kantin Kwari da Kasuwar Singa da Dawanau, inda har gobe ubangida ke sallamar yaronsa da shago bayan shekarun hidima, kuma a can idan ana yabon mutum cewa ake yi ya yi yara.

Aminu Dantata ya tsaya da ƙafa ɗaya a kowane zamani. A Satumban 2024, da ambaliya ta cinye Maiduguri, ya je da kansa yana da shekara 93 ya ba da naira biliyan 1.5. Ya rasu ranar 28 ga Yuni 2025 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Bisa burinsa aka kai shi Madina aka binne, a Kano kuma jama'a suka yi sahu suka yi masa salatul ga'ib, cikinsu har da 'yan kasuwar da kakanninsu suka fara da buhun gyaɗar mahaifinsa.