Daga Barasa zuwa Nifedipine: Tarihin Maganin Jinkirta Naƙudar Bakwaini

Mace daga Gangara da naƙuda ta taso mata a wata na bakwai, babbar buƙatarta ita ce lokaci: lokacin da za a kai ta Babban Asibitin Jibiya, daga nan kuma a wuce Katsina, a hanyar da direbobi ke shakkar bi da dare. Likitoci sun shafe fiye da shekara 60 suna neman maganin da zai samar da wannan lokaci.

A 1967 Fritz Fuchs ya gwada a birnin New York ƙara wa mata barasa ta jijiya, domin tana rage sinadarin da ke sa mahaifa matsewa. Matan sukan bugu, su yi amai, jariran ma su fito a galabaice. Aka watsar. A 1980 Amurka ta amince da ritodrine, wanda ke sassauta mahaifa amma yana sa zuciya bugawa da sauri, wani lokaci huhu ya tara ruwa. Ɗan'uwansa terbutaline ya daɗe ana amfani da shi, har hukumar magunguna ta ƙasar ta gargaɗi likitoci a 2011 kan tsawaita shi.

Abin da ya ba jinkirin ma'ana daga tumaki ya fito. Graham Liggins na New Zealand ya lura 'yan tumakin bakwaini suna iya numfashi idan sun samu sinadarin steroid tun suna ciki. A 1972 shi da Ross Howie suka tabbatar da haka ga mata. Daga baya manufa ta koma samun awa 48 domin allurar ta nunar da huhun jariri, ba riƙe ciki har wata tara ba, abin da babu maganin da ya taɓa iyawa.

Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, wanda asibitocin Nijeriya suka shiga, ya nuna allurar dexamethasone tana rage mutuwar bakwaini. A 2022 hukumar ta amince da nifedipine domin jinkirta naƙuda kafin sati 34.

Nifedipine maganin hawan jini ne, ana samunsa a kemis, a nan kuwa haɗarin yake. Idan akwai zubar jini, ko zazzaɓin da ke nuna cuta ta shiga mahaifa, jinkiri illa ne ga uwa da ɗa. A asibiti ake shan sa, bayan an auna jini, an kuma tabbatar da satin cikin.